Kafin Ka Biya Kuɗin Fili a Garwa, Marwa ko Ngaundere: Jagorar Awo, Iyaka da Takarda

A shekarun nan, duk wanda Allah ya buɗa wa a arewacin Kamaru, shawarar farko da 'yan uwa ke ba shi ita ce ya sayi fili. Shawarar ba ta da laifi, domin masu neman muhalli kullum ƙaruwa suke yi. Jami'ar Ngaundere tun 1993 take tara ɗalibai a Dang. An kafa ta Marwa a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Rikicin Boko Haram, daga 2014 zuwa yau, ya taso iyalai masu yawa daga ƙauyukan kan iyaka na Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, wasunsu suka gangaro birane, ƙungiyoyin agaji suka biyo su da nasu ma'aikatan. Kowa ɗakin kwana yake nema.

Inda ake irin wannan rububi, nan dillali yake samun bakin cewa, "Alhaji, ka yi sauri, akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe." Mafi yawan rigimar fili daga wannan jimla take farawa. Tsarin da ya kamata a bi a jere yake: takarda tukuna, sannan kusurwoyin fili, sannan kuɗi, sannan bulo. Wanda ya juya jerin nan, ko da ya tsira, sa'a ce ta cece shi.

Mataki na 1: Ka san wanda zai zauna a gidan

Tun kafin ka je ganin wuri, ka yanke wa kanka wanda kake gina wa, saboda shi zai faɗa maka unguwa da girman filin da kake bukata.

In ɗalibai ne, abin da suke nema ƙananan ɗakuna ne a jere, irin waɗanda suka cika Dang da Bini, kusa da makaranta yadda za a taka da ƙafa ko a hau babur da kuɗi kaɗan. Ruwa da wuta sun fi musu ado. A Marwa irin wannan bukata ta fi ƙarfi a wajen Kongola da sauran wuraren da sassan jami'a suke. Amma ka tuna da dogon hutu: akwai watannin da ɗakuna za su zauna babu kowa, sai dai in yarjejeniyarku ta shekara ce.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga kudu, ko ma'aikacin kamfanin auduga na SODECOTON mai hedkwata a Garwa, gida yake so mai ɗaki biyu ko uku da falo, banɗaki a ciki, katanga da ƙofar da mota za ta shiga. Magidancin Bahaushe ko Bafulatani kuwa ba zai kalli tayil ba sai ya ga tsakar gida wadatacciya, zaure ko ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, da katangar da ta tsare iyali daga idon mai wucewa. Ɗan kasuwa fuskar titi yake nema, ko da filin bai fi tafin hannu ba. A Kuseri lissafin daban ne, domin gada ɗaya ce tsakaninta da Njamena, akwai masu kwana a nan suna neman abinci a can.

Hanyar gane bukatar unguwa ba ta da wuya. Ka zaga da ƙafarka, ka tambayi mai shago da mai shayi ɗakuna nawa ne a rufe a layin, wata nawa gidan haya ke yi kafin ya samu mai shiga, nawa ake biya, kuma ana biya a kan lokaci ko sai an kai ruwa rana. Amsar mai shayi ta fi ta dillali amfani, don shi babu la'adarsa a ciki.

Mataki na 2: Wane irin fili ne a idon doka?

Dokar ƙasa ta Kamaru ta ginu ne a kan doka mai lamba 74-1 da 74-2 na ranar 6 ga Yuli, 1974. A taƙaice, ƙasa iri uku ce. Akwai ta amfanin jama'a, kamar hanyoyi da koguna da gefensu, wadda ba a sayarwa ko kaɗan. Akwai mai takardar mallaka, wato titir fonsiye, ko ta mutum ce ko ta gwamnati. Sauran duka, har gonakin gado da filayen da ke hannun sarakuna, doka tana ɗaukarsu a matsayin ƙasar al'umma da gwamnati ke kula da ita.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Takardar da jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya sa wa hannu, da shaidu da hatimi, tana da daraja a unguwa, kuma tana taimakawa wajen nuna wa aka sani da wurin. Amma ba takardar mallaka ba ce. Doka ta ce cinikin fili sai a gaban noter, wato masanin shari'a da hukuma ta ba izinin rubuta ciniki da tabbatar da shi, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista ba ciniki ne da ba ta amince da shi ba. Na san haka yawancin filayen bayan gari ke canza hannu, kuma ba na cewa masu sarauta ba su da amana. Abin da nake cewa shi ne, ranar da wani ya fito da titir fonsiye a kan wurin, takardar jauro ba za ta tsaya masa a gaba ba. In ka yarda ka sayi irin wannan fili, ka san kasada ka saya, farashinsa ya kamata ya nuna haka, kuma aikin neman takarda yana jiranka.

'Yan uwanmu na Najeriya, Nijar da Cadi da ba su da takardar zama ɗan Kamaru su kula da wani sharaɗi: baƙo yana iya mallakar fili, amma sai ministan da ke kula da filaye ya amince da cinikin, kuma ba a yarda ya saya a yankunan kan iyaka ba. Sayen fili da sunan aboki don kauce wa wannan ya raba zumunci da yawa, musamman bayan abokin ya rasu magadansa sun zo rabon gado.

Mataki na 3: Binciken takarda

In mai fili ya ce yana da titir, ka karɓi lambarta da kwafinta, ka tafi ofishin rajistar filaye na MINDCAF, wato ma'aikatar da ke kula da filaye, a hedkwatar yankin: Garwa ga Binuwai, Marwa ga Diyamare, Ngaundere ga Vina, Kuseri ga Logon-da-Shari. Ka nemi takardar shaidar mallaka sabuwa fil, ba wadda mai fili ya ciro daga aljihu ba. Ita za ta nuna sunan mai wurin a yau, girman filin, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙara a kansa. Sai ka gwada sunan da katin shaidar wanda ke gabanka.

In filin gado ne, ka tsaya ka natsu. Babban ɗa ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai don kawai shi ne babba. Ka nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, ka tabbatar kowannensu ya yarda, har mata da waɗanda ke zaune a Yawunde, Duwala ko Kano. 'Yar'uwar da ba a tuntuɓa ba yau, ita ko ɗanta za su iya tsayar maka da gini bayan shekara biyar.

Daga nan ka leƙa ofishin magajin gari ka nemi takardar tsarin birni, wadda dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu, 2004 ta tanada. Ita ke faɗin ko an yarda a yi gini a wurin, ko kuwa an zana hanya ko kasuwa a kansa.

Mataki na 4: Ranar awo

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da aka saba gani shi ne dillali ya tsaya ya miƙa hannu, "daga wancan dalbejiya zuwa wancan suri," mai saye ya gyaɗa kai. Bishiya ana sarewa, suri ruwa yana cinyewa. Iyakar da doka ta sani ita ce turakun siminti da ake kira born, waɗanda jiyometir, wato mai awon ƙasa, ya kafa kuma ya zana a taswira.

Ka ɗauki jiyometir na ofishin kadastar, wato ofishin gwamnati mai kula da awo da taswirar filaye, ko mai zaman kansa da hukuma ta ba izini wanda kadastar ke duba aikinsa. Kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi, ka karɓi rasit. Wanda mai fili ya kawo yana iya zama mutumin kirki, amma ba a kanka yake ci ba.

Ka sanar da maƙwabta na kowane ɓangare tun da kwanaki, ka gayyaci jauro ko wakilinsa. Ka zaɓi safiya, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, don in rana ta take kowa sauri zai yi a tashi. Ka zo da taswirar filin, igiyar awo mai mita 50, fenti ja, da waya mai caji.

A filin, a fara neman born ɗaya bayan ɗaya. Wani yashi ya binne shi, sai an tona. Ka duba kowanne da idonka: a miƙe yake ko a karkace? Ƙasar gindinsa ta daɗe ko sabon tono ce? Born da siminti ɗanye a jikinsa a filin da aka ce an auna shekara goma da suka wuce, tambaya ce da ke neman amsa. A ƙasar karal, wato baƙar laka da ake shuka muskuwari a cikinta a kewayen Marwa da Garwa, turke kan karkace da kansa, domin ƙasar tana tsagewa da rani ta kumbura da damina. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ido. Jiyometir zai ɗora na'urarsa ya gwada wurin da turken yake da alƙaluman da ke cikin taswira. In born ya ɓace, jiyometir ne mai hurumin mayar da shi, ba birkila ba, ba kai ba. GPS na wayar hannu kuwa yana kuskure da mita da dama, amfaninsa ya kai ka wurin ne kawai.

Kai ma ka ja igiyarka, don ka fahimci abin da ake yi. A ce an faɗa maka filin mita 20 ne a faɗi, 25 a tsawo. Murabba'in mita 500 ke nan. Ka auna gefe huɗu duka, ba biyu ba. Sannan ka ja igiyar daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta tsakiya. In filin a daidaice yake, za ka samu mita 32 da ɗan ɗoriya, kuma ɗaya tsallaken ma haka zai ba ka. In wannan ya ba da 31 wancan 33, filin a karkace yake, ko dai haka aka yanka shi, ko wani ya taɓa turke. Kada ka raina mita ɗaya. In katangar maƙwabci ta shigo da mita ɗaya a tsawon gefen nan mai 25, ka rasa murabba'in mita 25, wurin ɗakuna biyu masu 3 sau 4. A unguwar ɗalibai, wannan hayar mutum biyu ce kowane wata, har abada.

In maƙwabci ya ce bai yarda ba, kada ka yi fushi, alheri ya yi maka da ya faɗa yau kafin kuɗinka su fita. A ɗauko tasa taswirar a haɗa da taka. Sau da yawa kuskuren na magina ne da suka ja katanga ba tare da sun nemi turke ba. Ana iya sasantawa a rage farashi, ko a gyara takarda bisa ƙa'ida, amma kada sulhun ya tsaya a fatar baki da addu'a. A rubuta, a sa hannu. Wanda kuma zuciyarsa ta raya masa ya matsar da turke da dare, ya sani dokar laifuka ta ƙasa tana hukunta masu tumɓuke alamar iyaka, kuma hadisi ingantacce ya zo da tsinuwa a kan mai canza alamomin ƙasa.

Kafin a watse, ka ɗauki hoton kowane born tare da wani abu da ba ya gusawa a bayansa, ka shafa masa fenti, ka rubuta sunayen waɗanda suka halarta.

Mataki na 5: Ruwa da hanya

Fili yana iya cika awo, takarda ta yi kyau, amma ya zama tafki a watan Agusta. Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012, ko abin da ya faru a Yagwa da Kuseri a 2022 da 2024, ba ya bukatar dogon bayani. Kogin Mayo Kaliyawo a Marwa da rani yashi ne zalla, yara na ƙwallo a cikinsa, da damina kuwa yana cin gaɓa. In da hali, ka ga filin da damina. In babu, ka duba jikin katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane a inda ya tsaya. Ka tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa ke bi in an yi mamako. A Ngaundere, inda damina ta fi tsawo kuma ƙasar tudu da gangare ce, abin tsoro shi ne zaizaya da kwazazzabo.

Doka ta ware mita 25 a gefen kogunan da jirgin ruwa ke bi, da mita 40 kowane gefe daga tsakiyar babbar hanyar ƙasa a wajen gari. Duk abin da ya faɗa ciki na jama'a ne, ko wa ya sayar maka. Ka kuma tabbatar hanyar shiga filinka tana cikin taswira. Hanyar da ake bi ta filin wani saboda bai gina ba tukuna, ranar da ya kawo bulo ta ƙare.

Mataki na 6: Biyan kuɗi

Sai yanzu maganar kuɗi ta zo. Ciniki a ofishin noter ake ƙulla shi. In filin gaba ɗaya ka saya, za a sauya suna a titir ɗin. In yanki aka yanko maka daga babban fili, jiyometir zai haɗa takardun awon yankinka, noter ya rubuta cinikin ya kai rajista, a fitar maka da titir taka daban daga uwar takarda. Kada ka yarda da "ai kana cikin titir ɗinmu, ba matsala." In mai babbar takarda ya ci bashin banki da ita, ko ya rasu, kana cikin matsalar tsundum.

Ka biya ta hanyar da ke barin shaida. In za a ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a rubuce, da sharaɗin mayarwa in bincike ya nuna aibu. Ka ware kuɗin noter, na rajista da na awo tun farko a cikin lissafinka. Kada kuma ka yarda a rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don rage haraji, domin in ciniki ya warware, abin da ke rubuce shi za ka iya nema.

Mataki na 7: In filin ba shi da titir

Ƙa'idar tana cikin doka mai lamba 76-165 ta 27 ga Afrilu, 1976, wadda aka yi wa gyara ranar 16 ga Disamba, 2005. Rajista kai tsaye ta waɗanda suka zauna ko suka raya wurin ne tun kafin 5 ga Agusta, 1974, su da magadansu. Wurin da aka raya bayan wannan rana, ko wanda ba a taɓa ba, hanyarsa daban ce: gwamnati ta ba ka izinin wucin gadi, ka raya shi kamar yadda ka yi alkawari, sannan a tabbatar maka. Saboda haka sau da yawa ya fi sauƙi dangin masu gadon su nemi titir da sunansu, sannan su yanka maka a gaban noter.

Ana ajiye takardar nema a ofishin sufirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, wanda doka ta ce ya ba da rasit cikin awa 72, ya tura takardun gaba cikin kwana 8. Za a manna sanarwa. Sai kwamiti ya sauko filin ƙarƙashin sufirefe, da wakilan ofishin filaye da kadastar, da sarkin wurin da dattawa biyu. Su ne za su tabbatar da wa ke amfani da wurin, jiyometir ya kafa born a gaban maƙwabta, a rubuta rahoto kowa ya sa hannu. Bayan an buga sanarwa a mujallar filaye ta jiha, akwai kwana 30 na mai ƙorafi. In babu, ko an warware, sai a fitar da titir. Kwanakin da ke rubuce a doka da waɗanda ake gani a zahiri ba ɗaya ba ne, sai ka riƙa bibiya da ƙafarka, kana ajiye kwafin kowace takarda da kowane rasit.

Mataki na 8: Tsare abin da ka saya

Filin da aka bari fayau yana jan ido. Ko ba ka da kuɗin gini, ka zuba wa gindin kowane born kankare, ka ɗaga ginshiƙai a kusurwoyi, ko ka ja katanga ko da layi uku ne na bulo. Ranar da za a haƙa tushe ka tsaya da kanka, ka sa a ja zare daga born zuwa born, katangar ta zauna a cikin naka, turken ya rage a bayyane. Magina suna son binne born a cikin tushe don aiki ya yi musu sauƙi. Ka hana.

Ka nemi izinin gini a ofishin magajin gari kafin ka fara. Indararo da ruwan wanka su zuba ta naka ɓangaren ko ta lambatu, tagogi kuma kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci. In ƙasar karal ce, ka saurari injiniya a kan zurfin tushe ko da ya ƙara maka kuɗi, don bangon da ya tsage ba ya samun ɗan haya mai biya da kyau.

Sannan ka koma kan lissafin Mataki na 1 da ainihin awon da jiyometir ya ba ka, ba wanda dillali ya faɗa ba. A murabba'in mita 500, bayan ka cire tsakar gida, banɗakuna, ramin masai nesa da rijiya, da wurin ajiye babura, za ka ga ɗakunan da za su shiga ba su kai yadda ka zata ba. Gara ka fara da rabi, ka ja ruwa da wuta, ka ga yadda unguwar ta karɓa, sannan ka ƙarasa sauran da kuɗin hayar farko. Asalin titir kuma ka adana ta inda gara da ruwa ba sa kaiwa, ka ɗauki hotonta a waya, ka nuna wa iyalinka inda take da inda kowane born yake.